Kafin A Ƙara Aji, A Fara Lissafin Masai

Duk shekara idan aka buɗe makarantu, akan ga iyaye riƙe da hannun 'ya'yansu sun nufi ofishin hedimasta. Wannan abin farin ciki ne. Amma sau da yawa yaran sukan fi ƙarfin azuzuwan da ake da su. Sai a kafa rumfar zana ko ta langa-langa. A wani wurin hukuma takan kawo tanti, ko ɗakin katako, ko kwantena wadda aka fasa wa ƙofa da tagogi. Irin waɗannan su ake kira azuzuwan wucin gadi. Cikin mako guda an kafa su, an rataya allo, karatu ya kankama.

To, akwai abu ɗaya da akan manta. Duk yaron da ya shigo aji zai sha ruwa. Zai yi fitsari, zai zaga bayan gida, zai wanke hannu. Wannan ƙazanta da wannan ruwa dole su sami inda za su tafi. Ana kafa aji cikin kwana bakwai, amma masai ba ya ƙara girma don an ƙara aji. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Saboda haka ranar da aka yanke shawarar ƙara aji, ranar ya kamata a zauna a yi lissafin masai da na ruwan datti.

Ba Yau Aka Fara Ba

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta soma shirin ilmin firamare kyauta a Nijeriya. An yi zaton yara miliyan 2 da dubu 300 za su shiga aji ɗaya. Sai ga kusan miliyan 3 sun zo. Azuzuwa suka yi kaɗan. Aka yi ta karatu a gindin bishiya da cikin rumfuna. A 1999 aka sake ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya, aka yi masa doka a 2004. A 2019 kuma Jihar Kano ta ce ilmi kyauta ne kuma dole ne. Kowane lokaci daga cikin waɗannan, yara sun ƙaru da sauri fiye da gine-gine.

Wani lokaci kuma masifa ce ke kawo cunkoso. A Maiduguri, yaran da rikici ya raba da garuruwansu sun yi karatu cikin tantuna. A ƙasar Nijar an yi shekara da shekaru ana karatu cikin azuzuwan kara da zana. Sau da yawa ajin da aka ce na wata shida ne yakan kai shekara biyar yana tsaye. Don haka kada sunan wucin gadi ya ruɗi kowa.

Abin Da Ke Faruwa In Masai Ya Yi Kaɗan

Yaro ba ya iya riƙe kansa kamar babba. Idan ya je ya tarar da layi, ko ya tarar masai ya cika yana wari, sai ya kewaya bayan aji ko ya shiga gona. Ƙuda ya sauka a kan ƙazantar, ya tashi ya sauka a kan ƙosai da awarar da ake sayarwa a bakin makaranta. Ruwan sama kuma ya wanke sauran zuwa kududdufi ko bakin rijiya. Ta haka ake ɗaukar kwalara, da taifot, da atuni, da tsutsar ciki. Yaron da ya ɗauka a makaranta shi zai kai wa ƙannensa gida.

A 2021 kwalara ta ɓarke a Nijeriya. Mutanen da aka yi zaton sun kamu sun haura 100,000, fiye da 3,000 suka rasu. Jihohin Bauci, Jigawa, Kano da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Waɗanda suka fi kamuwa kuwa yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14, wato daidai shekarun 'yan makaranta.

Akwai kuma hasarar da ba a gani da ido. Yarinyar da ta fara girma, musamman wadda ta soma jinin al'ada, ba za ta shiga masai marar ƙofa ba. Ba za ta bi layi ɗaya da maza ba. Sai ta riƙa fashi, daga nan ta daina zuwa. An ƙara aji don yara su yi karatu, rashin masai ya kore su.

Lissafi Na Farko: A Ƙirga Kawuna

Ba ɗakuna ake ƙirgawa ba, mutane ake ƙirgawa. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji domin makarantun da ba su da kuɗi da yawa. Ga abin da ƙa'idar ta tanada:

'Yan mata 25, masai ɗaya.
Yara maza 50, masai ɗaya da wurin fitsari ɗaya.
Malamai mata nasu daban, malamai maza nasu daban.

Masai ɗaya yana nufin ɗaki ɗaya mai ƙofarsa, wanda mutum ɗaya ke shiga. A lokacin gudun hijira ko wata masifa akan sassauta, a ce 'yan mata 30 ko maza 60 ga masai ɗaya. Wannan na lalura ne kawai.

Alal misali, a ce wata makaranta tana da ɗalibai 300 da masai 4. Sai aka kafa rumfuna 4, kowace ta ɗauki yara 50. Yara 200 ke nan suka ƙaru, a ce mata 100, maza 100. Waɗannan sababbi kaɗai suna bukatar masai 4 na mata, da masai 2 da wurin fitsari 2 na maza. Idan ba a gina kome ba, yara 500 ne za su dogara da masai 4. Kowane masai ɗaya yara 125 ke nan.

A duba kuma lokacin tara. A ce minti 30 ake bayarwa, kuma kowane yaro yana yin minti 3 a ciki. Masai ɗaya zai sallami yara 10 kafin a kaɗa ƙararrawa. Masai 4 su sallami 40. Sauran fa? Amsar tana bayan aji. Saboda haka, kafin a gama ginin sababbi, hedimasta yana iya raba lokacin tara kashi biyu, ƙananan aji su fita da farko, manya su biyo baya.

Kada a tsaya a kan yaran bana kaɗai. A tambayi mai unguwa yawan yaran da za su isa shiga makaranta baɗi. A saka su cikin lissafi tun yanzu.

Lissafi Na Biyu: Girman Rami

Ramin masai a hankali yake cika. Ruwan da ke ciki ƙasa tana shanye shi, ƙazantar kuma tana ruɓewa tana raguwa. Amma kullum akwai abin da ke saura a ƙasa. Masana sun auna cewa mutum ɗaya a gida yana tara lita 40 zuwa 60 a shekara, idan da ruwa ake tsarki ko da abu mai ruɓewa. Idan ana jefa duwatsu, da tsumma, da sauran abin da ba ya ruɓewa, yakan kai lita 90.

Ɗalibin jeka-ka-dawo rabin yini yake yi a makaranta, kuma akwai hutu. Don haka a misalin nan a ɗauki lita 20 ga kowane yaro a shekara. A makarantar kwana kuwa, cikakken adadin ake ɗauka, ba ragi.

Rami mai faɗin mita 1, tsawon mita 1, zurfin mita 1 yana cin lita 1,000. Wato durom 5, tun da durom ɗaya lita 200 yake ci. A ce an haƙa rami mai wannan faɗi da tsawo, zurfinsa mita 3. Ba a barin masai ya cika har baki. Da zarar ya rage rabin mita, wato kamar kamu ɗaya, an ɗauka ya cika. Saboda haka mita 2 da rabi ake lissafawa, lita 2,500 ke nan.

'Yan mata 25 za su tara lita 500 a shekara. Raminsu zai yi shekara 5. Maza 50 za su tara lita 1,000 a shekara. Raminsu shekara 2 da rabi zai yi. Ashe ke nan ramin maza ya kamata ya fi girma, ko da yake ɗakunansu sun fi kaɗan.

Wannan lissafi shi ne ke nuna abin da zai sami tsohon masai. Ramin da zai yi wa yara 300 shekara 5, idan suka zama 500, shekara 3 zai yi. Ana iya gane haka da sanda. A sami doguwar gora, a zura cikin rami sau ɗaya kowane zangon karatu. A rubuta a littafi inda ƙazanta ta kai. Wanda ya yi awon ya wanke gorar da hannunsa da sabulu. Ta haka za a san lokacin cikarsa tun da sauran wata shida, a nemi kuɗin kwasa ko na sabon rami.

Lissafi Na Uku: Ina Ruwan Zai Tafi?

Ƙa'idar ta 2009 ta ce ɗalibin jeka-ka-dawo yana bukatar lita 5 na ruwa a rana. Ɗan makarantar kwana lita 20. Ruwan tsarki kuma lita 1 zuwa 2 ne a kai. Yara 200 ke nan suna bukatar lita 1,000 kowace rana, ban da na buta. Wato durom 5, ko jarka 40 mai cin lita 25.

Wani ruwan za a sha. Amma na wanke hannu, da na alwala, da na wanke masai, ƙasa zai koma. Idan aka bar shi ya kwanta, ya zama kwatami, sauro ya samu gida. Idan kuma aka juya shi cikin ramin masai, ramin zai cika da ruwa, bangonsa ya jiƙe ya zabtare. Abin da ya dace shi ne a yi masa raminsa daban. Wannan shi magina ke kira sokawe. Akan cika shi da manyan duwatsu ko fasassun bulo, a rufe samansa, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin ƙasa a hankali.

Kowane manomi ya san ƙasa ba ɗaya ba ce. Jigawa tana shan ruwa nan da nan. Laka kuwa riƙe shi take yi. A ɗauki rami mai kusurwa huɗu, kowane gefe mita 1 da rabi, zurfi mita 2 daga inda bututu ya shigo. Ga abin da zai iya shanyewa a rana:

A ƙasa mai rairayi, wajen lita 600, wato durom 3.
A ƙasa mai gauraye, wajen lita 360, bai kai durom 2 ba.
A laka mai tauri, wajen lita 120, ya ɗan ɗara rabin durom.

Bangon rami kaɗai ake lissafawa, domin gindinsa yakan toshe da dauɗa da wuri. To, a ce durom 3 ne ke zuba ƙasa kowace rana daga sababbin yaran nan. A jigawa rami ɗaya ya isa. A ƙasa mai gauraye sai biyu. A laka kuwa sai biyar. A irin wannan wuri ya fi sauƙi a ja ruwan wanke hannu ta 'yar kwata zuwa gindin ayaba ko wasu bishiyoyi.

Kafin a haƙa, a gwada ƙasar. A tona ɗan rami kamu ɗaya, a cika shi da ruwa, a bar shi ya shanye. Washegari a sake cikawa a zuba ido. In ruwan ya tafi da sauri, ƙasar mai sha ce. In ya kwana yana nan, laka ce, sai a nemi wani wuri ko a ƙara yawan ramuka.

Makarantu Masu Bayan Gida Na Zamani

Wasu makarantun, musamman na gari da na kwana, suna da bayan gida irin wanda ake kora ruwa. Wannan yana cin lita 10 zuwa 20 ga kowane mutum a rana. Yara 200 za su ƙara durom 10 zuwa 20 na ruwan najasa kowace rana. Irin wanda ake kora wa ruwa da buta ko ɗan bokiti bai kai haka ba, lita 1 da rabi zuwa 3 ne.

Ruwan yana fara shiga wani rufaffen tanki na siminti a ƙarƙashin ƙasa. A nan ya kamata ya yi aƙalla kwana ɗaya. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa, mai maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya wuce sokawe. Wanda ya gina tankin ya auna shi ne da yawan mutanen wancan lokaci.

Kuskuren da akan yi shi ne a jawo bututu daga sababbin ɗakuna a haɗa da tsohon tanki, don a rage kuɗi. Sai ruwa ya yi wa tanki yawa, ya riƙa wucewa bai kwanta ba. Ƙazanta ta bi shi zuwa sokawe ta toshe ƙasar. Alamunsa su ne wari, da bayan gida da ba ya tafiya, da ciyawa kore shar a kan sokawe ko da rani, da baƙin ruwa a fili. In sokawe ya toshe, kwasar tanki ba ta gyara shi. Sai an haƙa sabo. Abin da aka guje wa kashewa sai an kashe ninkinsa.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila, akan kawo aji sukutum a bayan babbar mota a sauke a filin makaranta. A wurare da dama a can, ba a haɗa bututunsa da tsohon tanki sai hukuma ta duba ko tankin zai ɗauka. Wannan dabara ba ta bukatar arziki. A kira injiniyan ƙaramar hukuma ko duba-gari ya auna tankin, a faɗa masa yawan yaran da za a ƙara.

Gargaɗi: kada kowa ya shiga cikin tankin najasa, kada a leƙa shi da fitila ko ashana. Iskar da ke ciki tana kashe mutum, tana kuma kama wuta.

Inda Za A Haƙa

Wuri ma yana cikin lissafi. Ga abubuwan da za a kiyaye:

1. Tsakanin masai ko sokawe da rijiya ko burtsatse, a bar aƙalla mita 30, wato kamar taku 40 na babban mutum. Masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu.

2. Gindin rami ya tsaya aƙalla mita 1 da rabi sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A leƙa rijiya mafi kusa a tsakiyar damina, a ga inda ruwa ya taso. Awon rani yaudara ne. A ƙasar fadama sai a rage zurfi, a ɗaga ginin sama.

3. Kada masai ya yi wa aji nisan da ya wuce mita 30. Sau da yawa akan kafa rumfuna can ƙarshen fili, nesa da tsohon masai. Ƙaramin yaro ba zai kai ba.

4. Kada a ɗora aji a kan tanki, ko sokawe, ko tsohon ramin da aka binne. Kada kuma a tare hanyar da motar kwasa za ta bi.

5. Ruwan indararo da na rufin kwano, a kau da shi daga ramuka.

6. A ƙasa mai rairayi a ɗaure bangon rami da bulo, a bar 'yan kafofi daga ƙasa don ruwa ya fita. Murfin ya zama na siminti da rodi. Bakin ramin ya zama ƙarami, yadda yaro ba zai zurma ba.

7. Na mata daban, na maza daban, ƙofofinsu kada su kalli juna. A tanadi ɗaya mai faɗin ƙofa, marar matakala, domin yaro mai lalurar ƙafa.

Inda ruwa ke wuya, masai mai bututun iska ya fi dacewa. A ƙasar Zimbabuwe aka ƙirƙiro shi a shekarun 1970. Bututu yana tashi daga rami ya ɗara rufi da kamu ɗaya, a ɗaure masa raga a baki. Wari ya fita ta sama. Ƙuda ya bi haske ya hau bututu, raga ta tare shi, ya mutu a ciki.

Ranar da aka ɗauke ajin wucin gadi, kada a bar rami a buɗe. A cika shi da ƙasa, a sa alama, a dasa bishiya. Ramin da ya cika kuma, in da hannu za a kwashe, a rufe shi ya shekara 2 tukuna, ƙwayoyin cuta su mutu.

Aikin Wa Ne?

Hedimasta shi ke da rajista, shi zai kawo yawan yara maza da mata. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su za su zauna su yi lissafi. A sa iyaye mata a zaman, domin sun fi sanin damuwar 'yan mata. Duba-gari ya nuna wurin haƙa. Dagaci da mai unguwa su tara matasa a yi aikin gayya. Takardar da za a kai wa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma ta neman aji, a rubuta masai da ruwa a cikinta, kada a bari sai daga baya. A kuma ware ɗan kuɗin sabulu, da tsintsiya, da na kwasa kowace shekara.

A 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bahaya a fili. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne in jama'a da hukuma suka haɗa kai.

Duk wanda ya iya ƙirga buhunan gonarsa zai iya wannan lissafi. Yara nawa za su ƙaru? Masai nawa suke bukata? Shekara nawa rami zai yi? Durom nawa na ruwa zai zuba ƙasa, kuma ƙasar za ta shanye? Taku nawa ne zuwa rijiya? In an amsa waɗannan, sai a kafa dirkar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.